BIDON ƊIN MALAM BAƘO

Shafi na 14

Salamu alaikum jama'a. Masu turo mini saƙo tun asuba wai na bar ku a tsakiyar rairayi, don Allah ku sassauta mini, ba ni na bar ku ba, Badamasi ne. To ku matso.

*

Kwana uku ke nan da rasuwar Malam Muttaƙa a Tungar Dargaza, can bayan Tajaye. Kwana uku kuma Badamasi bai yarda ya haɗa ido da surukinsa Malam Baƙo ba.

To da wane idon? Shi ne ya ɗauko tsohon daga Malbaza a sabuwar motarsa kat-kat, ibrid ɗin nan mai injin da batir wadda ya ishi mutanen Konni da labarinta, don ya kai shi jana'izar ƙaninsa Malam Muttaƙa. Motar ta mace musu a cikin rairayin wani kori, busasshen rafi. Aka jira su har azahar ta gota, zafin bazara kuwa ba ya barin a ajiye gawa, dole aka yi wa mamaci sutura aka kai shi. Malam Baƙo ya iso a kan amalanken jaki, likkafanin da ya sayo yana naɗe a cinyarsa, ya tarar da mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Alkawari ne fa tsakaninsu tun suna samari: wanda ya riga tafiya, ɗan'uwan ne zai wanke shi da hannunsa.

Da aka tambayi Badamasi abin da ya sami motar, buɗar bakinsa sai cewa ya yi injin ne, wai tun da aka juye mata baƙin mai take wani irin ƙara. Wanda ya yi juyen kuwa ba kowa ba ne, Maman Sani ne makanike, yayan matarsa, ɗan farin Malam Baƙo. A ranar tsohon ya sa aka buga wa Maman Sani waya aka ce kada ya tako garin.

Yau sadakar uku. Da hantsi Badamasi ya sulale ya koma bayan rumbuna inda ya ɓoye motar a ƙarƙashin wata aduwa, ya zauna a kan turmi yana ta kallon ƙasa. Nan matarsa Bara'atu ta same shi da kwanon kunu.

"Ga kunu."

"Aje nan."

"Ba ni aje shi. Ɗago ka dube ni, Baban Hamdiyya."

Bai ɗago ba.

"Baba bai sa komi bakinai ba tun shekaranjiya. Inna tac ce ko sunan Yaya Maman Sani anka ambata, tashi shikai ya bar wurin."

"Zai huce. Zahin rashi ne."

"Zahin rashi?" Ta rage murya. "Ran da kab biyo mu da motar da yamma, kac ce hucewa tay yi ta tashi da kanta, wa yaw wanke rigarka?"

Ya kau da kai gefe.

"Ni niw wanke ta. Warin isansi takai har wuya. Motar da injin nata yal lalace, mi yak kai mai ita ga zuba mai?"

"Bara'atu, ki bar maganar ga."

"Ba ni bari. Yayana ne. Ubana ne."

"Ni kuma mijinki ne!"

"Shi yas sa ban hwaɗa ma kowa ba," ta ce, idonta ya ciko. "Kwana ukku ina haɗiye ta. Wallahi ta tsaya mani a wuya."

Kafin ya samo abin cewa sai ga ƙarar babur ta bayan danga. Ko bai waiwaya ba ya san mai shi, babur ɗaya ne a duk garejin Konni mai tari irin wannan.

Maman Sani ya kafe babur ɗin, ya kwance rawanin da ya rufe hanci da shi. Idanunsa jajur, daga gani bai yi barcin kirki ba. Bai gaishe da kowa ba, hannu kawai ya miƙa.

"Ba ni makulli."

"Yaya, sannu da hanya, bari a kawo ma ru..."

"Makulli, Badamasi."

Haka ya zaro shi daga aljihu ya miƙa. Maman Sani ya shiga ya danna, tablo, allon gaban direba, ya kawo wuta, motar ta tashi shiru abinta kamar ba ita ta tara wa mutane baƙin ciki ba. Ya buɗe gaba ya leƙa, ya zaro sandar awon baƙin mai ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya durƙusa ya duba ƙarƙashi. Sannan ya koma ciki yana latse-latse a jikin sitiyari.

"Zaka nan. Karanta mani wanga."

Badamasi ya sunkuya.

"Da ƙarhi. Ita ma ta ji."

"Goma sha tara... da ɗigo huɗu."

"Lita goma sha tara a kilomita ɗari. Kai nawa kake hwaɗa ma mutane a majalisa?"

"Shidda."

"Shidda!"

"Haka ab bisa takardarta, Yaya. Wallahi haka anka rubuta."

"Takarda ta taɓa shiga kori?" Maman Sani ya fito ya rufe ƙofar. "Sau nawa niz zaunar da kai? Cikin gari, inda kake tsayawa kana tashi, batir shina taimakonta, ta sha kaɗan, ban musa ma ba. Ko bisa gudron, hanyar kwalta, in ka taka ta, tara takai, wani lokaci goma. To ka ɗauko ta ka tura cikin rairayi, mutum bakwai ciki, buhun shinkahwa biyu da tabarmi bisa kai, kilim ka murɗe shi har ƙarshe don a ce motar Alhaji da sanyi, ƙahwa huɗu duk suna haƙa. Nan batir ba shi da wani amhwani, kaya ne. Awa ka ƙaro mutum ukku ne ka zaunar a baya."

"Ta rubuta mani saura kilomita ɗari da ashirin. Da idona nig gani a Malbaza."

"Lissahin yawon Konni tay yi ma. Ita ta san za ka baro hanya ka yanke ta daji?"

Wannan kam gaskiya ce. Ba wanda ya ce ya yanke. Akwai hanyar jar ƙasa da kowa ke bi, shi ne ya ce kat-kat ba ta zagaye. Yana tuƙi yana satar kallon lambar nan tana zubewa, ɗari da ashirin, tamanin, arba'in, sha biyu, cikin abin da bai kai rabin tafiyar ba. Gumi ya jiƙa shi sharkaf a cikin sanyin kilim, tsofaffi kuwa suna ta sa masa albarka.

"Ba abin da yas samu injin ga," in ji Maman Sani. "Mai ne yaƙ ƙare maka. Ko ƙarya nikai?"

Badamasi ya girgiza kai.

"An ce mani har turi kunka yi."

"Yaya, don Allah..."

"An ce Baba ya aje likkahwani bisa kujera ya hito cikin rana shina tura mota. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu. Kai kana zaune ga sitiyari. Kuma ka sani sarai irin wagga ba ta tashi da turi, ni nih hwaɗa ma da bakina ran da kas saye ta."

Bara'atu ta ajiye kwanon kunun a ƙasa. Ita a motar mata ta zo daban, wannan ba ta ji shi ba sai yanzu.

"Kab bari Baba ya yi turi?"

Kunya ta rufe Badamasi tun daga kai har ƙafa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da gudu zai shige.

Maman Sani ya ɗaga kai ya dubi saman motar, ya zagaya ya buɗe baya. Ya daɗe yana kallo.

"Abu guda ne ban gane ba. Baba ba shi shiga motar kowa zuwa daji sai da bidon nai na mai. Rawayan nan mai jan ƙyalle ga hannu, wanda Baba Muttaƙa yab ba shi. Inna tac ce da kanshi yas sa anka ɗaure shi bisa motar ga, cike, lita ashirin. In mai yaƙ ƙare, mi yah hana ka zuba?"

To, jama'a, an zo wurin. Abin da ya sa Badamasi ya yi ƙaryar injin tun farko ke nan.

Ran nan, da suka fito daga gidan Malam Baƙo, sun tsaya a bakin tashar Malbaza tsofaffi suka sauka sayen turare da likkafani. Motar tana tsaye daidai rumfar Tanimun mai sayar da mai a kwalabe, inda direbobin manyan motocin siminti ke shan shayi. Duk sun san Badamasi, duk sun sha jin labarin lita shida. Ɗaya ya hango bidon a sama ya kwashe da dariya.

"A'a! Alhaji, motar da ba ta shan mai ce da goyon bidon?"

"Ashe ita ma da guzurinta take yawo!"

Dariyar nan ce ta shige shi. Dariyar mutum biyar masu shan shayi. Ya haye ya kwance bidon ɗin da sauri kafin tsofaffi su dawo, ya tura shi ƙarƙashin teburin Tanimun, ya gyara tabarmi suka rufe gurbin. Har da ƙarin magana ya yi don a sake dariya, aka kuwa yi.

Yanzu ga shi yana faɗa da bakinsa, a guntule, kansa a ƙasa. Maganar da ya ƙara ɗin nan ce kawai ya haɗiye, ita kam ta fi ƙarfin bakinsa.

Bara'atu ta toshe baki da mayafi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Don kar a yi ma dariya?"

Maman Sani bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Makullin ya miƙo masa.

"Ni ba ni tona ka gaban Baba. Ba don kai ba, don wagga da ɗiyarta. Amma za ni shiga in yi gaisuwar ƙanen ubana, ko an so ko ba a so ba. In ya kore ni gaban mutane, to, kana zaune kana kallo."

Ya juya ya nufi ƙofar gida.

"Baban Hamdiyya," Bara'atu ta ce a hankali, "tashi ka bi shi."

*

Rumfar zana ce babba a ƙofar gidan mamaci, cike da maza, wasu daga Illela, wasu daga Malbaza, har da makiyayan da ke zango a gefen gari. Liman ya gama addu'a, an shafa, ana zagayawa da gumba da dabino. Malam Baƙo yana zaune a tsakiya a kan buzu, ya rame cikin kwana uku kamar wanda ya yi wata yana jinya. Likkafanin nan yana gefensa a naɗe, ya hana kowa ya ɗauke.

Badamasi ya raɓe a can baya kusa da takalma.

Maman Sani ya cire nasa takalmin, ya ratsa mutane, ya durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Baba, ya haƙuri? Allah Shi jiƙan Baba Muttaƙa, Shi sa ya huta."

Mutane suka amsa da amin. Malam Baƙo ya kau da kai.

"Wa yac ce ka zaka?"

"Baba..."

"Na aika a hwaɗa ma, ko saƙon bai kai ba? Mota guda anka ba ka ka duba. Guda. Kay yi mata aikin ganin dama, kaj ja ɗan'uwana ya shiga ƙasa ban gan shi ba. Wasu sunka wanke mani shi." Ya nuna masa hanya da hannu. "Tashi ka ba ni wuri."

Liman ya ce, "Malam, a yi haƙuri, ƙaddara ce."

"Na yarda da ƙaddara, Liman. Shi ne ba ni son gani."

Maman Sani ya sunkuyar da kai. Ƙato da shi, mai 'ya'ya huɗu, hawaye na bin gemunsa. Ya dafa ƙasa zai miƙe, bai ko kalli inda Badamasi yake ba.

Rashin kallon nan ne ya gama da Badamasi.

"Baba!"

Shi kansa bai san muryar za ta fita haka ba. Duk rumfar ta waiwayo. Ya taso yana tuntuɓe da ƙafafun mutane, ya zube a gefen Maman Sani, ya cire hula.

"Baba, ba shi da laihi. Wallahi ba shi da laihi ko kaɗan. Injin lahiya lau shike."

"Mi kac ce?"

"Mai ne... mai ne yaƙ ƙare mani."

Rumfa ta ɗauki guna-guni. Wani dattijo daga cikin waɗanda suka yi turi ya ce, "Mai? Ba ita ce anka ce daga Konni har Tawa da komowa ba ta neman ƙari ba?"

"Ƙarya nikai, Baba. Tana sha. Cikin rairayi ta hi kowace sha. Na daɗe da sani, ɓoyewa nikai ina ƙara mata a bayan rumhuna don kar a gani. Ran nan tablo yan nuna mani da saura, niy yarda da shi. Da tam mutu nij ji kunya, nil laƙa ma Yaya. Ku gahwarce ni."

Ya kifa goshi a kan tabarma. Mutumin da ke shiga majalisa yana kaɗa makulli a yatsa, yau ga ƙeyarsa kowa na kallo.

Malam Baƙo ya juyo. Ya dubi ɗansa, ya dubi surukinsa, ya sake duban ɗansa.

"Kenan yaron ga... kwana ukku ina hushi da shi a banza?"

Sai ya juya kan surukin nasa.

"To tsaya, Badamasi. Ɗago. Ni tsoho ne, ban san ibrid ba, amma na san mai. In mai ne yaƙ ƙare, ai da bidon bisa motar. Ni nis sa anka ɗaure shi. Don mi ba ka sauko da shi ba munka zuba?"

Badamasi ya ɗago. Ga gaskiya a kan harshe, ga kuma wata ƙaryar ta taso tana neman hanya: igiya ce ta kwance, ya faɗi a daji, wa zai je ya duba? Maman Sani ya zuba masa ido. Ta cikin zana kuma ya hango gefen mayafin Bara'atu, tana tsaye tana saurare.

"Baba, bidon ɗin... a hanya ne..."

"Salamu alaikum! Ya haƙuri, jama'a? Ya haƙurinmu?"

Wani gajere mai ƙiba ne ya kafe babur a bakin rumfa, yana kwance igiya a bayansa yana sallama da murya kamar mai talla a tasha. Tanimun ne. Mutumin kirki ne Tanimun, ba ya cin amanar kowa, sai dai bakinsa ba shi da birki.

Ya shigo yana rinjayar gefe guda saboda nauyi. Rawayan bidon, da jan ƙyalle a hannunsa.

Ya dire shi a gaban buzun Malam Baƙo, tim. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya yadda ta kamata, aka shafa. Sai ya waiwaya ya ga Badamasi, fuskarsa ta washe.

"Yawwa, Alhaji, ashe kana nan. Ga ajiyarka, ko ɗigo ban taɓa ba, a duba. Kwana ukku ina jiran ka biyo. Nic ce tunda kai da bakinka kac ce motarka ba ta tahiya da tarkacen tsohhin ƙauye, bari in kawo ma mai shi, kar ya ɓace hannuna."



Ko tauna dabino an daina. Tanimun ya dubi wannan, ya dubi wancan, murmushinsa ya fara gushewa.

"A'a... ko na yi ɓarna ne?"

Malam Baƙo ya miƙa hannu a hankali ya kama jan ƙyallen nan. Ya shafa shi da babban yatsa.

"Muttaƙa ne yaɗ ɗaura wanga," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Yac ce, Yaya, hanyarmu ba ta da tabbas. Duk ran da za ka zaka mani, kar ka taho babu shi."

Wani ya fashe da kuka a bayan zana.

"Maman Sani."

"Na'am, Baba."

"Taso ka zauna nan kusa da ni."

Ya matsa masa a kan buzun. Sannan ya ɗauko likkafanin da ke gefensa, ya ɗora a kan bidon ɗin, ya tura su duka biyun har suka taɓa gwiwar Badamasi.

"Riƙe. Tarkacen tsohon ƙauye ne."

"Baba, don girman Allah..."

Tsohon bai ko dube shi ba. Ya juya wajen ƙofar gida, ya ɗaga murya.

"A shiga ciki a kira mani Bara'atu."